Garin Kunun Da Ya Kusa Kashe Min Tarantula

Assalamu alaikum edita da masu karatu. Lokacin da abin nan ya faru shekarata ashirin da uku, ina aikin sikiyoriti a wani shago wajen Al Thumama a Doha, mu uku a ɗaki ɗaya a wani tsohon gida a Al Asmakh. Ni tun ina yaro ƙwaro ba ya wuce ni, na sha duka a kan buzuzun da nake tarawa a gwangwanin madara. Shi ya sa ranar da wani ɗan Filifin da muke aiki tare ya ce zai koma gida yana neman mai riƙon tarantularsa, ban ma bari ya rufe baki ba. Ga wanda bai sani ba, gizo-gizo ce, amma ƙatuwa, ta kusa tafin hannuna, gashi buzu-buzu. Wallahi in ka zauna kana kallon yadda take ɗaga ƙafa ɗaya bayan ɗaya, sai ka manta da gajiyar tsayuwar wuni guda. Dattijon ɗakinmu, direba ne ɗan Zongon Kumasi, Baba muke ce masa, ya dube ni ya ce 'ya'yan mutane na zuwa Qatar su koma da mota, ni zan koma wa uwata da tautau. Na ukunmu ɗan Gusau ne, Yaya nake ce masa, shi sharaɗinsa ɗaya, kada ya taɓa ganin murfin akwatin gilashin da take ciki a buɗe.

Duk abin da na sani a waya na koya, kuma nan da nan na fara jin kaina malami. Abincinta gyare ne da wata tsutsa da ake saidawa a kasuwar dabbobi. Sai na ga ana cewa mutum zai iya kiwon tsutsar da kansa a cikin dusa. To ina zan samu dusa a Doha? Ashe Yaya yana da ragowar garin kunu da mahaifiyarsa ta haɗo masa tun hutun da ya je. Ya yi watanni a loka, ya dunƙule, ya fara wani irin wari. Ya kasa sha, ya kuma kasa zubarwa, don kun san mu da abinci, balle wanda ya fito daga hannun uwa. Na ce ya ba ni tsutsa su ci, ba a yi almubazzaranci ba ke nan. Har godiya ya yi min. Na juye garin a roba, na zuba tsutsa, ina jefa musu ɓawon kokwamba. Ga shi lokacin watan Agusta ne, iskar Doha a jiƙe take sharkaf, kuma in mun fita aiki kashe AC muke yi. Ban tsaya nan ba, kullum da safe sai na fesa ruwa a akwatinta wai kada zafi ya dame ta, kuma tsutsar da ta ƙi ci ba na cirewa, ina cewa ai za ta ci anjima.

Wata Juma'a mun dawo daga masallaci na ga kamar ƙurar gari a jikin gilashin. Na kai yatsa zan goge, sai na ga ƙurar tana tafiya. Na haska fitilar waya. Wasu ƙwari ne farare fat, ƙanana fiye da kan allura, sun cika bakin kofin ruwanta, sun yi cincirindo a gefen bakinta da gaɓoɓin ƙafafunta. Robar tsutsar kuwa garin ne gaba ɗaya yake motsi. Dama ta yi sati uku ba ta ci komai ba, bayanta ya yi baƙi, sai na ɗauka cinye ta suke yi da rai. Baba ya ga idona ya kawo ruwa, ya miƙo min feshin kyankyaso, ya ce yalla, wato maza, in fesa sau ɗaya, khalas, shi ke nan, in daina yi masa fuskar zaman makoki. Na karɓa, na girgiza gwangwanin, har na ɗaga murfin akwatin. Abin da ya tsayar da ni zanen da ke jikin gwangwanin ne. An jera abubuwan da maganin ke kashewa, kyankyaso, tururuwa, na uku gizo-gizo.

Na ajiye, na ɗauki hoto na tura wani zauren masu kiwon tarantula a waya. Wata mata ta amsa min. Ta ce ƙwarin hatsi ne, dangin kaska amma ba jini suke sha ba, laima da ruɓaɓɓen abinci ke tara su, kuma tsutsar ce ta ɗauko su ta kai akwatin. Hatsarin shi ne in sun yi yawa suna cunkushe mata baki da kafofin numfashi, ga shi baƙin da bayanta ya yi alama ce ta kusa saɓa, lokacin da jikinta ya fi rauni. Ta ce in mayar da ita busasshen wuri mai tsafta da kofin ruwa kawai, in zubar da ƙasar, in wanke akwatin da ruwan zafi, kada magani ya kusance ta. Ranar na ga zumunci. Baba da ke zagina shi ya riƙe min murfin sabuwar robar da zan mayar da ita, ina turo ta a hankali da burushi mai laushi. Yaya kuwa yana tsaye a kan gado yana ta a'uzubillahi, yana cewa in ta kuɓuce a bakin aikinsa zai kwana. Amma shi ya ɗauki garin da kansa ya kai shara, yana cewa Allah ya sa Inna kada ta ji labari. Muka wanke lokar, muka duba shinkafa da kuka. Kullum sai in ajiye mata ɗan yankan kokwamba a lungu, ƙwarin su sauka su taru a kai, in cire in yar.

Kwana tara da yin haka na dawo aiki da la'asar na tarar da ita a rigingine, ƙafafu a sama. Baba ya yi salati, ya ce in yi haƙuri, ya ɗauko leda. Na riƙe hannunsa, don matar nan ta gargaɗe ni cewa haka suke kwanciya in za su yi saɓa, taɓa su a lokacin kisa ne. Muka zauna muka zuba ido. Can bayanta ya tsage, ta fara zaro ƙafafu ɗaya bayan ɗaya, sababbi fil suna sheƙi. Ragowar ƙwarin suka tafi da tsohuwar fatar, na sa tsinke na ɗauke. Bayan sati biyu ta cafke gyare, na yi ihun da maƙwabta suka leƙo.

Abin da na koya shi ne, duk abin da ya same ta ni na jawo, kuma duk da kyakkyawar niyya. 'Yan'uwana masu sha'awar wannan kiwo, ku kula da abincin abin da take ci kafin ku kula da ita. Garin da ba za ka iya sha ba kada ka ba tsutsarka. Abin da ta bari ka cire shi washegari, ka bar ƙasar ta sha iska, feshi kuwa ko a ɗakin kada ya shiga. In ka rikice, ka ajiye abin da ke hannunka ka tambayi wanda ya riga ka. Tana nan da ranta, ta ƙara saɓa biyu. Ita ba ta da bakin da za ta ce maka kana cutar da ita, sai dai kai ka buɗe ido.