Jirgin Alhamis

Ranar wata Alhamis a damina, shekarar da aka sa ni a makarantar boko, na tsaya a 'yar tashar jirgin ƙasa da ke bayan garinmu a ƙasar Kiru, na sha kwalli da atamfar salla, ina jiran uwata. Jirgin ya tsaya yana huci, 'yan tallan dafaffiyar gyaɗa da masara suka rufe tagogi, ni kuwa ina bin taragu ina leƙen fuskokin mata. Ya yi kuka, ya ja, ya bar ni da warin baƙin mai.

Inna ta rasu tun ban yi wayo ba. A wurinmu ba a gaya wa ƙaramin yaro mutuwa, sai a ce wance ta yi tafiya, har ya girma ya gane da kansa. Ni an ce mini ta tafi Zariya a jirgi. Gwaggo Talatu, yayar babana da ta riƙe ni, ita ta mai da wannan magana igiya ta ɗaure ni da ita. Takan ce, "Ran Alhamis za ta zo, amma in ta ji kin yi ƙiwa, ba za ta sauka ba." Saboda haka ni ce surfe, ni ce jan ruwa a rijiya, ni ce yankan ciyawar tumaki da korar tsuntsaye a gonar gero, sa'annina suna carafke a ƙofar gida ko kallonsu ba na yi. Alhamis ta zo, jirgi ya wuce, in dawo ina laluben laifin da na yi. Kowa a tashar ya san gaskiya. Mai shayi har ɗaga murya yake yi, "Yau kuma me kika ɓata?" Mazan da ke kan benci su kwashe da dariya.

Wata Bafillatana mai nono, Dije, ita ce abin ya isa. Rannan ta sauke ƙwaryarta ta riƙe hannuna ta ce, "Yarinya, innarki tana maƙabartar bayan bishiyar kuka. Ni na kai nono gidanku ranar sadakar uku. Je ki gida." Na ruga ina kuka na tarar da Gwaggo a gindin turmi, na faɗa mata. Ko musu ba ta yi ba. Ta ce, "To, da na gaya miki, wa zai yi mini surfe?" Ta miƙo mini taɓarya.

Yanzu jirgi ba ya tsayawa a can, ciyawa ta cinye wurin da nake tsayawa, Gwaggo ma ta daɗe da rasuwa. Amma har yau, da 'ya'yana da komai, idan Laraba ta yi sai in tsinci kaina ina share tsakar gida tas, kamar gobe za a yi baƙuwa. Surfen na yafe mata. Alhamis ɗin ce na kasa.