Sallau, Cire Hotona

Na daɗe ban ce uffan a nan ba. Yau dole ta sa, don hotona na yawo a wayoyin Dogon Dutsi da ƙarya a ƙarƙashinsa.

Bara idona ya yi rawaya, ƙafafu suka kumbura, ciki ya tashi har na kasa zama kan keken ɗinkina. A asibiti aka ɗebi jini, aka yi ekografi, wato hoton ciki. Likita ya ce hepatit B ta ci hantata, abin ya yi nisa.

Na tsorata ƙwarai.

Sai ga Sallau, ɗan ƙanen babana, wanda jiya-jiyan nan yake tallar cazar waya a tasha. Yanzu ya sa kwat, wai a kira shi Dokta. Ya ɗauke ni hoto, ya zube fakitin wani gari a tabarmata.

"Yaya, wanga maganin ƙwayoyin halitta na. Sa ƙarƙashin halshe, hanta ta komo sabuwa. Amma aje na likita, ba su haɗuwa."

Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Matata Hadiza ta sayar da ragunanta, muka saya, na aje maganin likita.

Ban daɗe ba na fara aman jini, aka kwashe ni zuwa Yamai. Ƙarin jini, zuƙe ruwan ciki da allura, abinci ba gishiri. Likitar da na nuna wa fakitin ta juya shi, ta ce, "Malam, maganin ƙwayoyin halitta na gaske, har yanzu bincike ake a kansa. Wannan garin 'ya'yan itace ne da sukari."

Dokta Sallau ko leƙe bai yi ba. Sai da na miƙe na yi kumatu ya zo barka, ya sake ɗaukata hoto. Ashe haɗa hotunan biyu zai yi, ya rubuta wai garinsa ne ya tashe ni. Marar kunya.

Shekaranjiya wani dattijo daga Tibiri ya shigo shagona, ya nuna mini wayarsa.

"Kai na wanga? Alhamdu lillahi! Ɗiyata ma ta bar maganin likita, tunda munka ga ka warke."

Na rufe shago, muka je muka kai ta asibiti. Tana kwance, ku sa ta a addu'a.

Na gode wa Allah, da Hadiza, da likitoci. Ƙwayar likita kullum nake sha, ba fashi. Ku yi gwajin hanta, ku yi wa yara rigakafi, kada ku bar maganinku don hoton kowa.

Kai kuma Sallau, shaidata kake so. Ga ta, tura wa masu saye in ka isa.