Sabulu Mai Balbela

A gidanmu na Gyaɗi-Gyaɗi ba a kiran kaya da sunan da kamfani ya raɗa musu. Inna, mahaifiyata, ba ta yi boko ba, don haka hoton da ke jikin takarda shi ne sunan abu. Akwai shayi mai jirgin ruwa, akwai man shafawa mai fure, duk yanzu babu su. Amma wanda har gobe nake jin rashinsa shi ne sabulu mai balbela.

Sanda ce doguwa, ruwan zuma, a naɗe cikin shuɗiyar takarda mai hoton farar balbela tsaye da ƙafa ɗaya. A nan Kano ake yin sa. Idan Baba ya sayo a ƙarshen wata, Inna ba ta yarda a taɓa shi nan take. Sai ta sa zare ta yanka shi gida huɗu, ta jera a kan katanga ya sha rana mako guda, har ya yi tauri. Ta ce ɗanyen sabulu ɓarna ne. Wanda ya bushe kuwa, ka yi wanka da shi, ka yi wanki, ka wanke kwanuka, wata ya ƙare yana nan yana kallonka.

Baba akawu ne a ma'aikatar gwamnati, kuma bai san wani launi ba sai fari. Har tambayarsa ake yi a ofis wane mai wanki ne yake kai wa kaya. Sai ya yi murmushi ya ce nasa mai wankin ba ya karɓar kayan waje. Ƙamshin sabulun kuma ba mai hawa kai ba ne, ɗan tsami-tsami ne irin na ɓawon lemo, yana kama tufafi ya zauna. Idan Inna ta rungume ni, shi nake fara ji kafin na ji muryarta.

Babu wanda ya yi shelar tafiyar sabulun. Mai kantin bakin titi ya ce ya yanke, sai mako mai zuwa. Mako ya zama wata, wata ya zama shekara, daga baya muka ji an rufe masana'antar. Abin da ya maye gurbinsa kuwa sai dai a yi shiru. Takarda mai ƙyalli, ƙamshi kamar a ci, amma ka manta shi a ruwa minti biyar ka dawo ka tarar da kunu. Ni dai ban taɓa yafe musu ba.

Shekara ashirin da wani abu bayan haka, Baba ya riga ya rasu, ni kuma ina aure a Tarauni ina koyarwa a firamare. Wata Asabar da damina na je gida, na tarar rufin ɗakin Inna yana yoyo daidai kan adakarta. Ita tana maƙwabta wajen suna. Na jawo adakar na shiga fito da kaya don kada su jiƙe. Can ƙasa, kusa da wani farin yadi da na ɗauka ragowar na Baba ne, hannuna ya taɓa wani abu mai tauri a cikin leda. Ina buɗewa sai ga balbela tsaye da ƙafarta ɗaya.

Wallahi sai da na zauna a ƙasa. Yanki ɗaya ne, ya bushe har ya tsattsage, amma ƙamshin yana nan daram. Na ce tsufa ne ya sa Inna ta manta da shi. Ni ce 'yar fari, ban saba neman izini a ɗakin nan ba, don haka na jefa shi a jakata na yi gaba.

Wata uku ina shagali. Na yi wanka da shi, na wanke wa maigidana rigar Juma'a, na tara yarana na ce su sansana su ji yadda duniya take kafin a lalata ta. Ɓoye shi nake yi a saman durowa kamar gwal.

Ranar da abin ya fito, ina yi wa Inna tsifa ne a tsakar gida. Ba ta taɓa kiran sunana ba, kunyar ɗan fari, sai dai ta ce "ke".

"Ke," in ji ta, "ran nan da kika kwashe kayan adaka, kin ga wani sabulu?"

Na yi dariya. "Mai balbela? Ai ni na ɗauke, Inna. Kin bar shi yana ta tsufa a banza."

Ta juyo ta dube ni har na tsargu. Sannan ta ce, "Farin yadin da ke gefensa, me kika zata?"

"Ba na Baba ba ne?"

"Likkafanina ne. Shi kuma sabulun, da shi nake so a yi mini wanka. Tun da na ga ya fara wuya a kanti na saya na ajiye."

Tsinken tsifar ya faɗi daga hannuna. Na san tsofaffinmu suna tanadin likkafani, har da zare da allura da ɗan turare, don kada su ɗora wa kowa nauyi ranar. Na sani sarai. Zumuɗi ne ya rufe mini ido. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma Inna ko faɗa ba ta yi mini ba, wanda hakan ya fi ciwo.

Na sha alwashin sai na nemo mata wani. Na bi kasuwar Tarauni rumfa rumfa. Na je Hotoro, na je Darmanawa, duk inda aka ce akwai tsohon kanti sai na hau adaidaita na je. Samarin 'yan kasuwa ba su ma san shi ba, sai su miƙo mini na ƙasar waje suna cewa, "Hajiya, wannan ya fi shi." Na ce da wani, "Ka taɓa ganinsa ne da za ka ce an fi shi?" Wani dattijo ne kawai a ƙarshen layin masu kayan masarufi ya ajiye carbinsa da na ambaci sunan.

"Allah sarki, mai balbela," in ji shi. "'Yata, da ina da shi, da ni ma ɓoyewa zan yi. Wannan ai sabulu ne mai amana."

Muka yi kusan rabin sa'a muna yabonsa, ni da mutumin da ban sani ba. Na fito hannu wofi.

Da na gaji, sai na ɗauko abin da ya rage. Bai wuce faɗin yatsu biyu ba, ya yi siriri har haske yana ratsa gefensa. Na haɗa da katan guda na sabulu mafi tsada da na samu, na kai wa Inna, na durƙusa ina ba ta haƙuri ina kuka kamar ƙaramar yarinya.

Ta ture katan ɗin gefe da ƙafa. "Wannan ki kai wa yaranki." Ta ɗauki guntun ta kai hanci, ta daɗe ba ta sauke ba. Sai ta ce in ɗora shi a kan katanga ya sha rana.

Na ce, "Inna, ai ba zai isa ba."

"Kin manta halinsa ne?" Ta ɗaga hannunta, duk ya zama ƙashi da fata. "Dube ni da kyau. Ni ɗin nawa na rage?"

Bayan shekara biyu ta rasu, da hantsi, ranar wata Talata. Ni da ƙanwarta muka yi mata wanka. Na buɗe adaka na tarar da komai a shirye, yadi a ninke, allura da zarenta a ciki, guntun sabulun a cikin shuɗiyar takardarsa. Na tsoma shi a ruwa, ina tsoron ya narke tun ba mu yi nisa ba. Ya yi kumfa, ya cika ɗakin da ƙamshin nan, har ƙanwar Inna ta juya fuska tana share hawaye da gefen mayafi. Ya isa tun daga kai har ƙafa, ya kuma rage kamar ƙwallon dabino.

Na shanya shi a kan katanga mako guda, na mayar da shi takardarsa. Yanzu yana cikin akwatina a Tarauni, kusa da farin yadin da na saya wa kaina. Ranar da na ajiye shi, na kira 'yata ta fari, na buɗe akwatin a gabanta, na gaya mata ko na mene ne.