Harsasan Baba Tanko da na karɓa aro

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan 'yarsa Ladi ta kira ni: Baba Tanko maƙeri na Bwari ya rasu.

Tun 1991, shekarar da aka kwaso mu daga Legas aka zube mu a Abuja, nake zagin ma'aikatarmu a kan kayan mutumin nan, ina cewa ita ta salwantar da su. Duk wanda ya zauna da ni a Dutse Alhaji ya ji. Yau zan faɗi abin da nake tsallakewa.

Na san shi ne lokacin da ba ni da gida, ina kwana a ofis. Ranar Asabar nakan tafi maƙerarsa in kashe lokaci. Bai taɓa barina na tashi ban ci doya ba. Ɗan boko yake kirana.

Wata rana ya kwance wani tsohon ƙyalle. Harsasai shida ne na bindigar giwa, irin ta zamanin albarushi, kowanne ya fi babban yatsana kauri, kwanson tagulla duk ya yi baƙi. Tare da su akwai ƙarfen da ake zuba darma a ciki ta fito harsashi. Mahaifinsa ne ya riƙa ɗaukar wa wani Bature mafarauci bindiga, da Baturen zai koma ya bar masa su.

Ni mai digiri na zauna a kan turmi, shi yana koya mini. Ya ce darma zalla laushi gare ta, in ta sami goshin ɓauna bajewa take yi kamar waina, sai an sa mata kuza kaɗan. Ya nuna mini takardar da aka naɗe gindin harsashin da ita, da kitse da kakin zuma da ake shafawa don kada dattin albarushi ya toshe bindiga. A kaskon ƙasa ginin ƙauyen Ushafa ya narka darma ya zuba ɗaya a gabana, don kawai in gani.

"Ɗan boko, in ka harba wannan, hayaƙi ne zai rufe ka. Ba ka ganin naman. Sai dai ka tsaya ka saurara, ko ya faɗi ko yana zuwa."

Na ce masa irin wannan ba na ƙyalle ba ne, na gidan tarihi ne. Za a gina shi a sabon babban birni, a sa su a gilashi, a rubuta sunan mahaifinsa a ƙasa. Sai ya miƙo mini su. Sharaɗi ɗaya ya kafa: kada a goge su.

Ban kai su ko'ina ba. Ana rabon gidaje a ma'aikata lokacin, kuma daraktanmu na son kayan ado. Na ɗora su a teburinsa da hannuna, na ce, "Oga, tsaraba ce daga ƙauye."

Cikin mako guda masinja ya goge su da man goge ƙarfe, an huda su an zubar da albarushin, an yaye takardar saboda wai datti ce. Suna ƙyalli kusa da tutar tebur. Ƙarfen zubin kuwa ba shi da kyan gani, masu shara suka haɗa da tarkace. Da oga ya yi ritaya ya tafi da sauran.

Gidan ma ban samu ba.

Haɗuwarmu ta ƙarshe a kasuwar Bwari ce, bara. Ya rame, yana dogara sanda. Na so in kauce, ya riga ya gan ni.

"Ɗan boko! An gama gina gidan tarihin naku?"

Na ce fayil yana sama wurin manya, Baba.

Ya yi dariya har da tari. "Wannan fayil ya fi ungulu daɗewa a sama." Sai ya saya mini mangwaro, ya tambayi ciwon gwiwata. Bai sake tada maganar ba. Har yau ban sani ba ko ya gane.

Ladi ta ce kafin ya cika ya gaya musu su neme ni, ni zan kai jikokinsa su ga sunan mahaifinsa a gilashi. Ta tambaye ni wace rana za a buɗe gidan tarihin. Na ce zan zo gaisuwa gobe. Zan je, kuma a gabansu zan faɗi abin da na rubuta nan.

Allah Ya jiƙan Baba Tanko, Ya yafe masa, Ya haskaka kabarinsa. Duk wanda ya karanta, don Allah ya sa shi a addu'a. In da saura, ku roƙa mini Allah Ya sa iyalansa su yafe mini, tunda shi na bari ya wuce ban roƙe shi ba.

Abin da mahaifinsa ya bar masa ke nan kaf, kuma ba ko ɗaya da zan iya mayar wa 'ya'yansa.