Jakar Umma a Tsibirin Yashi

Wata Lahadi ce bayan babbar Sallah, a shekarar da na cika tara, Umma ta tsaya a ƙofar gidanmu da ke hawa na bakwai a bayan titin Huanshi Lu, can ƙasar Sin, ta karyo tsinken tsintsiya ta saƙala shi a jikin ƙofa, can ƙasa inda ido ba ya kaiwa. Baba ya riga ya sauka, yana ta bugo waya wai mota na jira. Ta ja ƙofar a hankali, ta murza makulli, ta dube ni ta ce, "In muka dawo tsinken nan ya faɗi, to an shiga." A kafaɗarta akwai bakkon da muke zuba kulolin abinci. A ƙasan kulolin kuwa, an naɗe cikin zani an ƙulle cikin leda, akwai abin da ya hana ta barci sati guda. Ni kaɗai na sani, Baba ma bai san ta ɗauko ba.

Jaka ce ta mata, ita ta ɗinka ta da hannunta. Baba yana sayen jakunkuna a Shiling, garin kamfanonin jaka, yana aika wa 'yan kasuwar Kano, kuma yakan taho da guntayen fata da kamfani ya zubar. Mu da ba ma zuwa ko'ina, su ne kayan wasanmu. Takarduna ba su ba ni damar shiga makaranta ba, karatuna dai allo ne wurin wata baiwar Allah 'yar Kumasi da ke hawa na biyar, sauran yinin kuma ina gida ina saka jakunkuna a leda, ina naɗe kwali, ina carafke da kawunan zif a barandar da muke shanya. A nan na koyi saurare. Ina gane takun kowa a bene, ina gane tarin mai gidan haya, kuma daga talabijin da bakin masu kanti na tsinci Sinanci fiye da na Baba. Da waɗannan guntayen Umma ta yi wata uku tana haɗa jakar. Tana da wurin takalmi a ƙasa, da wurin sallaya a gefe, da wani ɓoyayyen aljihu a ciki, don mace ta je biki ko masallaci ba ta riƙe leda uku ba. A aljihun nan fatar ta gaza mata, sai ta cike da wani ɗan ƙyalle mai kusurwa uku. Kullum ta duba sai ta yi tsaki, ta ce in za a yi na gaske za a gyara.

Shirin shi ne Baba ya jira wani babban mai saye daga Kano, a yi magana, sannan a kai samfur kamfani. Amma Baba mutum ne mai hira. Ya je Shiling ya ba wa mai kamfanin da yake hulɗa da shi labari, wanda muke kira Lawban, yadda ake kiran kowane maigida a nan. Lawban ya ce a kawo ya gani, Baba ya ce tukuna. Ba a jima ba sai ga gayyata, wai mu zo da iyali a je shan iska a ruwa. Umma ta ce shekara huɗu ana ciniki bai taɓa gayyatar mu ko shan shayi ba. Ta kuma tuna cewa mai gidan hayarmu ɗan uwan matar Lawban ne, kuma yana da makullinmu. Abin da takan faɗa shi ne, "A Shiling, abin da ido ya gani da safe, da yamma yana rataye a kasuwa." Baba ya ce zargi haramun ne. Ta ce ita ba zargi take ba, lura take.

Mun yi tafiya mai nisa a motar Lawban, gada bayan gada, har iska ta fara warin gishiri da kifi. Kafin mu sauka Umma ta matse mini hannu ta ce, "Ke, buɗe kunnenki. Duk abin da suka ce ki faɗa mini." Jirgin ruwan da muka hau na katako ne mai inji da rumfa, wata dattijuwa mai faffaɗar malafa ce ke tuƙa shi. Ni da nake tsammanin ruwa wuri ne na shiru, sai na tarar da cunkoso kamar kasuwar Sanyuanli. Manyan jirage ɗauke da kwantena sun yi tsiri kamar benaye, wasu sun nutse har wuya da lodin yashi, ƙananan kwale-kwale na kurɗawa tsakaninsu, ga samari a jirage masu gudu sun ƙure kiɗa, in sun wuce sai namu ya yi ta tangaɗi. Dattijuwar ba ta ko ɗaga kai, da ƙafa ɗaya take juya sitiyarin wani lokacin. Umma ta rungume bakkonta a cinya tana salati. Matar Lawban, wadda aka ce in riƙa kira Ayi, ta miƙo hannu za ta karɓa ta ajiye mata a ƙarƙashin benci. Umma ta yi murmushi ta girgiza kai, ta taka mini ƙafa.

Matsalar ita ce, tunda muka hau ruwa suka sauya harshe. Da mu suna yin Sinancin da na sani, amma da dattijuwar sai su koma wani daban, mai hawa da sauka kamar waƙa. Daga baya na san yaren mutanen yankin ne, da shi aka haife su. A ranar dai abin da na gaya wa Umma shi ne ba na jin ko kalma ɗaya. Ta ce, "Ai sun san kina ji, shi ya sa."

Inda aka kai mu tudun yashi ne dogo a tsakiyar ruwa, babu ko ciyawa, amma an cika shi maƙil. Jirage sun jeru a gefe kamar motoci a tasha. Ko'ina lema, ko'ina hayaƙin gawayi, maza sun naɗe riga saman tumbi suna ɗaga kwalabe, wata mata ta riƙe makirfo tana waƙar da ba mai sauraro, yara da bokitai suna tonon ƙananan katantanwa. Lawban ya fito da sabuwar wayar gasa kifi a cikin ledarta ya nuna wa Baba, ya nuna kifi da jatan lande, ya yi ta cewa alade meyo, giya meyo, wato babu. Baba ya ji daɗi ƙwarai. Umma ta ce mini a kunne, "Kin ga irin hidimar nan? Ba a banza ba."

Sai ta ce za ta yi sallah, ta ja ni muka bar mutane, muka gangara can ƙarshen tudun inda yashi ke da danshi kuma babu kowa. Ta sa na tsaya na kare ta. Ta tona rami da murfin kula, ta binne ledar, ta shimfiɗa tabarma a kai, ta yi sallarta ta zauna daram. Ba a daɗe ba sai ga dattijuwar nan ta taho. Ta nuna tabarmar, ta nuna ruwa, ta nuna can sama inda mutane suke, tana magana da ƙarfi. Umma ta ce me take cewa, na ce ina jin so take mu tashi. Umma ta ce, "To kin gani. Sun ga inda na sa." Ta gyara zama ta ce shiyeshiye, wato na gode, da fuskar da ba godiya a cikinta. Dattijuwar ta kaɗa kai ta tafi.

Da kifi ya gasu Baba ya zo da kansa. Ya ce, "Haba Rabi, mutane sun yi mana ɗawainiya, ke kin zo nan kin zauna kamar mai takaba." Ba yadda za ta yi. Ta danne tabarmar da buta da takalmanta, ta bi shi, ta zaɓi wurin zaman da za ta riƙa hango ta. Amma Ayi ta sa ta a gaba da ɓare mata jatan lande, da taɓa lallen hannunta, da ɗaukar hoto, mutane suka yi ta giftawa, wasu samari kuma suka kafa lema a tsakani.

Mu mutanen Kano ne. Kogin da Umma ta sani yana cika da damina, ya janye da rani, ya bar yashi har wata shekara. Ba wanda ya taɓa gaya mata akwai ruwan da zai tafi da safe ya dawo da la'asar, kuma Baba da ke tashi a jirgin sama kullum shi ma bai sani ba. Ni na fara ji. A ƙarƙashin kiɗa da hayaniya akwai wani sauti siriri, kamar ana zuba gero a faranti. Na leƙa bayan lemar, sai na ga butarmu tana tafiya ita kaɗai a kan ruwa, tabarmar na bin ta a baya. Ƙarshen tudun gaba ɗaya babu shi.

Ban taɓa ganin Umma ta yi gudu ba sai ranar. Ta shiga ruwa har gwiwa da hijabinta, tana laluben yashi da ƙafa, amma da tabarma ta tashi ko'ina iri ɗaya ne. Baba ya biyo ta yana cewa, "Don tabarma? Bar ta, zan saya miki wata." Ta ce, ba ta ko dube shi ba, "Jakar ce, Alhaji." Ya ce wace jaka. Ta ce, "Wadda ka je ka yi wa talla." Sai ya naɗe wandonsa ya shiga lalube. Kafin ka ce me, rabin mutanen tudun sun shigo ruwa, har da masu kwalabe, kowa na tono ba tare da ya san abin da ake nema ba, wasu na dariya. Dattijuwar ce ta zo da manjagarar da ake tonon katantanwa da ita, ta ja sau kaɗan a daidai inda ta same mu ɗazu, ta ɗago ledar. Haƙoran manjagarar sun yaga ta, zanin ya jiƙe sharkaf.

Ayi ce ta karɓa kafin hannun Umma ya kai. Ta warware zanin a gaban kowa tana ta jajantawa, ta ɗauraye jakar da ruwan gora don kada gishiri ya ci fatar, ta buɗe wurin takalmi, ta buɗe wurin sallaya, ta zura hannu cikin ɓoyayyen aljihun ta juyo shi waje ta kakkaɓe yashi. Sannan ta rataye ta a sandar rumfar jirgi don ta sha iska. Haka muka dawo, jakar da aka yi wata uku ana ɓoyewa har daga maƙwabta tana kaɗawa a sama kamar tuta, muna wuce jirgi bayan jirgi, kowa na kallo. Umma ta zauna a benci ta rungume bakkonta. Ayi ta durƙusa ta goge mata ƙafa da tawul, ta cire silifas ɗinta ta ba ta, ita ta zauna ba takalmi. Wayarta dai tana hannunta duk tsawon hanyar.

Da muka isa gida Umma ta sunkuya ta duba. Tsinken yana nan yadda ta bar shi.

Kafin wata biyu Baba ya dawo daga Shiling ya ajiye wata leda a gaban Umma. Irin jakarta ce sak, sabuwa fil, kuma ya ce kala-kala ne a rataye, a wani kanti da ba na Lawban ba. Mai sayen da ake jira ya zo ya saya a can da araha. Lawban ya rantse ya kuma rantsewa, ya ce ido nawa ne a tudun nan. Baba ya yarda da shi, suka ci gaba da ciniki shekaru. Umma ta juyo aljihun ciki ta nuna masa. Ɗan ƙyallen nan mai kusurwa uku yana nan, an yanka shi da gangan an ɗinka da inji, an ɗauka ado ne. Ta ce, "Ido da yawa sun ga waje. Hannu ɗaya ne ya shiga nan." Baba ya ce da ta bar ta a gida da ba a kai ga haka ba. Ta ce da ya bar ta a bakinsa da ba a gayyace mu ba. Ba ta sake ɗinka samfur ba, guntayen fatar suka koma kayan wasana.

Yanzu su Umma sun koma Kano, ni kuma ina Sanyuanli da mijina da 'ya'yana, har yau ba mai son fita ba ce. Samfur ma an daina ɓoye shi, ta waya ake tura shi, ya zaga duniya kafin a gama shayi. Ba wanda ke saƙala tsinke a ƙofa, kyamara ake sawa. Na ji an ce Ayi ta tsufa, tana rainon jikoki. In muna waya da Umma aka ambace ta sai ta ce "mai hoto", ni kuma sai in tuna ƙafafunta babu takalmi a kan katakon jirgi, in kasa haɗa biyun. Har yanzu ana sayar da jakar, na sayi ɗaya a ƙasan gidanmu, ita nake zuwa masallaci da ita. Duk sanda na zura hannu neman makulli sai yatsana ya taɓa ƙyallen nan. Shi kaɗai ne wurin da Umma ba ta so a jikin jakar, kuma shi kaɗai ya rage da ke nuna tata ce.