Sau Biyu Na Je Kwangila Saboda Tiyo Ɗaya

Shekarun baya, lokacin ina aikin sito a wata ma'aikata, ina zaune a Tudun Wada ta Zariya tare da iyalina da mahaifiyata. Ina da wata tsohuwar mota mai dogon baya, irin mai kafireto, wadda ta girmi ɗana na fari. Ni mutum ne mai son komai a kan tsari, kuma haka nake bi da ita. Kullum da safe sai na duba baƙin mai, na duba ruwa, na zagaya tayoyi, sannan in tayar.

Wata Asabar da misalin ƙarfe takwas na safe ɗan kawuna ya bugo waya daga ƙauyensu, gaba da Soba. Ya ce jikin Kawu ya tsananta tun jiya, kuma ba ya kiran kowa sai ƙanwarsa, wato mahaifiyata. Su biyu ne kaɗai suka rage a ɗakinsu. Kafin in gama sa kaya Inna ta riga ta yafa mayafi, tana zaune a kan benci a ƙofar gida da jakarta a cinya.

Na tayar da mota don ta yi ɗumi, sai warin fetur ya buge ni. Na ɗaga bonet. Tiyon da ke kai mai daga famfo zuwa kafireto ya bushe ya tsage daga gefe, fetur yana ɗiga ɗaya bayan ɗaya, daidai kan ƙarfen da hayaƙi ke bi ya fita, wanda yake yin zafi kamar tanda idan an yi tafiya. Na kashe motar nan take.

Na ce, "Inna, sai an canja tiyon nan."

Ta ce, "Zai daɗe?"

"Sai na je Kwangila wurin masu kayan gyaran mota na sayo sabo."

Da yake ni ne ɗan fari, ba ta kiran sunana. Ta ce, "Kai, shiga ciki ka ɗauko sabulun wanki. Mahaifinka shekara da shekaru yana tuƙa babbar mota. Tankinsa ya sha hujewa a daji, da sabulu yake liƙewa ya iso gida lafiya."

"Wancan tanki ne, Inna. Wannan tiyo ne, kuma a kan wuta yake."

"Ni dai sabulu na sani."

"Ba zan ɗora ki a kan wannan ba."

Ta dube ni, ta kawar da kai. Na yi tunanin motar haya, amma motar haya a bakin titi take ajiye mutum, sauran hanyar sai acaɓa, gwiwoyin Inna kuwa sun daina hawa babur. Abokina mai mota ya tafi Kaduna. Bakanikena ba ya buɗe gareji da wuri ranar Asabar. Aikin kuma ƙarami ne, na san zan iya.

Na bi shi daki-daki. Da farko na cire kan batir. Na biyu na shimfiɗa tsumma a ƙasan wurin. Na uku na kwance kilif ɗin da ke riƙe bakin tiyon ta kowane gefe, na murɗa shi na zare. Na ɗauko tef na auna tsawonsa, na rubuta a takarda, na ninke na sa a aljihu. Tsohon tiyon baƙi ƙirin ne, duk maiƙo, ni kuwa na riga na sa farin kaftani na tafiya. Sai na bar shi a kan tsumma, na wanke hannu, na tari keke.

Mai shagon kayan gyaran wani Inyamuri ne da ya daɗe a Zariya, Hausa a bakinsa kamar a Tudun Wada aka haife shi. Na miƙa masa takardar.

Ya ce, "Malam, ina tsohon?"

"Ga awonsa nan a rubuce."

"Wannan tsawo ne. Tsawo ba matsala ba ne, reza ke gyara shi. Bakin fa? Akwai mai faɗi, akwai matsattse."

Na dubi naɗin tiyo uku da ke rataye a ƙusa, na nuna na tsakiya. Na ce, "Wannan ne. Shekara goma sha ɗaya ina tare da motar nan."

Ya ɗaga kafaɗa ya yanka mini.

Da na dawo gida na zura shi a bakin famfo, sai ya shige salun alun, ba gardama. Nan gabana ya faɗi, domin tiyon mai ba ya shiga da sauƙi haka. Na ɗaure kilif har ya ƙure, amma ina taɓa tiyon sai ya juya.

Inna tana nan inda na bar ta. Ta ce, "Bai shiga ba?"

"Ya shiga. Yawa ya yi."

"Ka tafi da tsohon?"

"A'a."

Ta ciro carbinta daga jaka.

Gaskiya zuciyata ta raya mini in naɗa salatif a bakin ƙarfen don ya cike, mu kama hanya. Amma fetur yana narkar da salatif, kuma ban ƙi sabulu don in koma ga wannan ba. Na ɗauki tsohon tiyon na cusa a leda, na sake taran keke. A wannan karon mun tarar da cunkoso, wata tirela ta tare hanya tana ƙoƙarin juyawa. Ina zaune ina kallon agogo, ledar tana kan cinyata, maiƙon ya riga ya sami kaftanin.

Mai shagon yana hango ni ya ce, "Malam, ka dawo gaishe ni ne?"

Na miƙa masa ledar. Ya haɗa bakin tsohon da bakin na ƙusar farko, suka yi daidai. Ya yanka, ya ƙara mini sababbin kilif biyu, ya ce tsofaffin sun gaji. Da ya ga fuskata sai ya daina wasa, ya ce, "Lafiya dai?" Na ce maras lafiya za mu dubo. Ya fita da kansa ya tsayar mini da keke.

Wannan tiyon sai da na yi da gaske kafin ya shiga. Na ɗaure kilif, na mayar da kan batir, na goge wurin ya bushe, na tayar. Na sa farar takarda a ƙasa na tsaya minti biyar. Ko ɗigo babu. Sha ɗaya da rabi ta wuce muka bar Tudun Wada. Har muka wuce Soba Inna tana ta addu'a.

Mun isa ana kiran azahar. Kawu yana da rai, idonsa a buɗe, amma magana ta ɗauke. Matarsa ta ce wa Inna, "Bai fi awa ɗaya ba yana tambaya ko kun iso. Ya ce akwai abin da zai gaya miki." Inna ta zauna a bakin gadon ta kama hannunsa, ta ce, "Yaya, ga ni." Ya juyo da ido ya dube ta, ya matse yatsunta. Haka suka zauna har la'asar. Washegari da hantsi Allah ya karɓi abinsa.

Inna ta rayu shekara shida bayan haka, kuma ba ta taɓa ɗora mini laifi ba. Idan zancen ranar ya taso a gaban baƙi, cewa take yi, "Wannan bai yarda ya ɗora ni a kan wuta ba, ya tsaya sai da ya gyara." A nan take tsayawa. Komawata Kwangila ba ta taɓa shiga labarinta ba, kuma na san ba mantawa ta yi ba.

Ƙin sabulun nan, ko yau aka sake zan ƙi. Ba a tafiya da fetur yana ɗiga a kan ƙarfe mai zafi, ko wa ke jira. Amma tafiya ta biyu tawa ce ni kaɗai. Wanda ya fi ni sanin abin ya yi mini tambaya ɗaya, na ba shi amsa da yawan shekaruna da mota. Na san komai da lokacinsa, kuma na yarda da haka. Duk da haka na sha zama in lissafa zuwa da dawowar nan, da cunkoson, da sake ɗaurawa, kuma kullum awa ɗaya nake samu. Allah ya jiƙansu su biyun. Abin da Kawu ya so ya gaya wa ƙanwarsa, har yau babu wanda ya sani.