Atamfar Fitar Takaba

"Ƙanwata, shuɗiyar nan tana zuba?"

Tambaya ta goma ke nan daga wata mata a Mashi, duk a kan atamfa ɗaya da na ɗora a shafina. Na ɗauki hotonta a rana, na ɗauka a inuwa. Sati uku, ko ƙyalle ba ta saya ba.

Jiya haƙurina ya ƙare. Na rubuta mata: "Hajiya, in da gaske kike, ki zo Daura ki gani da idonki."

Sai ga saƙon murya, a sanyaye: "Yi haƙuri, takaba nake yi, ba na fita. Wata huɗu rabona da kwalliya. Juma'a mai zuwa zan gama, so nake in zaɓi abin da zan fara sawa."

Kunya ta rufe ni. Yau da sassafe na ba wani direban Mashi atamfar ya kai mata, don telanta ya samu lokacin ɗinkawa.

Ɗazu ta sake turowa: "Wane ɗinki zai dace?" Wannan karon zama na yi na amsa mata a tsanake.

Masu sana'a a waya, wace tambaya ce ta taɓa sanyaya muku jiki haka?